Me ya sa lambar 2,147,483,647 ta yi suna haka?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhajar kwamfuta, kuma sau da yawa ina cin karo da lambar 2,147,483,647. Wace irin lamba ce, kuma me ya bambanta ta da sauran?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi dace da lamba mai tarihi. Idan ka ninka 2 da kanta har sau 31, sannan ka cire 1, ita za ka samu. Mara ce, wato 2 ba ta raba ta, tunda ta ƙare da 7. Idan ka tara alƙalumanta za su ba ka 46, wadda 3 ba ta rabawa, don haka ita ma 3 ba ta raba ta. Babban abin shi ne babu wata lamba da ke raba ta ba tare da saura ba, in ban da 1 da ita kanta. Irin waɗannan su ne ake kira lambobin firam.

A cikin firam ɗin ma tana da dangi na musamman, wato lambobin Mersenne, waɗanda ake samu idan an yi ta ninka 2 da kanta sannan aka cire 1, masu sunan wani limamin Kirista ɗan Faransa da ya lissafa su a 1644. Ita ce ta takwas a jerin: 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, sai ita. Kada ka ɗauka duk lambar da aka samu ta ninka 2 da kanta aka cire 1 firam ce. Na sau 11 yana ba da 2,047, wanda 23 sau 89 ne.

Wanda ya tabbatar da firam ce shi ne masanin lissafi Leonhard Euler, a 1772, ba kwamfuta ba kalkuleta. Aikin nan yana burge ni ƙwarai. Ya san ba sai an gwada lambobin da suka haura 46,340 ba, kuma duk firam ɗin da zai iya raba ta dole ya zama ninkin 62 da aka ƙara wa 1. Da haka ya rage tulin aiki ya koma abin da alƙalami zai iya. Ta yi kusan ƙarni guda a matsayin firam mafi girma da aka tabbatar.

Dalilin da kake yawan ganinta kuwa, sau da yawa kwamfuta tana ajiye cikakkiyar lamba a gurabe 32 na 0 ko 1. Gurbi ɗaya na nuna ko lambar tana ƙasa da sifili, saura 31. Idan duk suka cika da 1, an kai 2,147,483,647. Ka ƙara 1 kawai, sai lissafin ya juye zuwa -2,147,483,648.

Wannan yana da illa ta zahiri. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairu 1970. Ƙirgar za ta cike ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar, sai kwanan wata ya koma Disambar 1901. Saboda haka idan manhajarka za ta riƙe lokaci ko kuɗi masu yawa, yi amfani da gurabe 64 tun daga farko.