Filin Kanikawa: A-kori-kurar da ta shekara 7 a aje, ta ina ake fara tashinta?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan tsofaffin motocin ɗaukar kaya suka zo. Ba mamaki, kakar albasa ta matso, kuɗin haya ya yi tsada, kowa ya tuna da wadda ke kwance bayan gida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar muna Peugeot 504 a-kori-kura mai fetur, haɗin Kaduna. Shekara 7 ke nan tana aje ƙarƙashin dogon yaro. Ina son in tashe ta in riƙa kai albasa Sakkwato. Wani ya ce in sa sabon batir mu tura ta, wani ya ce in fara kai ta wurin mai fenti. Mi ya kamata in fara yi?
Mai karatu daga Wurno

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa. Malam, shawarwarin nan biyu duk ka aje su gefe. Turi yana iya kashe injin da ba abin da ya same shi sai barci, fenti kuwa shi ne na ƙarshe a layi.

Motar mai ƙashi ce. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Shi ya sa kayanta ba su ɓace a kasuwa ba, kuma da wuya ka shiga Buzaye, matattarar kanikawa a Sakkwato, ka rasa dattijon bakaniken da ya san ta ciki da bai.

Kafin ka kashe ko kwabo, a ɗaga ta a tokare da kututture, kada a dogara da jak, ka shiga ƙarƙashinta da ƙaramar guduma da tocila. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa ƙal-ƙal. Wanda ya ruɓe sai ka ji sauti a dushe, ɓawon tsatsa na zubo maka a fuska. A ƙasarmu ba ruwan sama ke cin mota ba, takin zamani ne da gishiri da fitsarin dabbobi da suka jiƙa bodin baya, sai ruwan batir da ya ci mazauninsa. Ka fi tsananta bincike a inda sifirin ke rataye, nan lodi ke tsaga shasi. Sannan ka ja igiya daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka sake ja ta ɗaya ɓangaren. In tsawon ya bambanta da fiye da santimita 1, motar ta taɓa murɗewa, za ta riƙa cin taya tana tafiyar kaguwa. Tsagewa ɗaya ko biyu mai walda zai ɗinke ya ɗora faranti a kai, bayan an cire kan batir an nisanta wuta da tanki. Amma in shasin ya ruɓe tsawon kamu guda ko fiye a wurare da dama, gara ka sayar da ita kaya-kaya.

In shasi ya tsallake, sai injin. Ka hure yashin da ya taru kewayen fulogi kafin ka kwance su, in ba haka ba cikin silinda zai zube. Ka zuba cokali 2 na baƙin mai da aka sirka da kananzir a kowane rami, ka bar shi kwana 3. Ka buɗe murfin bawul, ka sa giya a firi, ka kama notin fulin gaba da sifana ka juya a hankali har zagaye 2, idonka na kan bawuloli: kowane ya sauka ya komo. In ya ƙi motsi, ƙara mai, ƙara kwanaki, ka riƙa girgiza shi gaba da baya. Wanda ya ɗaura mata igiya ya fizga a wannan hali, zoben fistin zai karya ko ya lanƙwasa sandunan da ke tura bawul.

Daga nan ka juye tsohon baƙin mai, ka lura da abin da ya fara fitowa. Ruwa ya fi mai nauyi, shi ke riga fita. In ka ga ruwa, ko man ya koma kalar shayi da madara, akwai aiki a ciki. In baƙi ne kawai, ka sa sabuwar filta da kimanin lita 4 na 20W-50. Fulogi na waje, wayar kwayil a cire, ka riƙa ba ta kik na daƙiƙa 10 kana hutawa, har jar fitilar mai ta mutu. Sai a lokacin mai ya kai ga mitali, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu.

Fetur ɗin da ya shekara 7 ya zama ƙaro. A sauke tanki a wanke, a canza tiyoyin roba, a warware kafireto a jiƙa, a hure jet, ƙananan ramukan da fetur ke bi, da iska. Kada a zura masa allura, ramin zai faɗaɗa ta koma shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Robar cikin famfon mai takan bushe ta tsage, fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai, don haka bayan ta tashi ka shinshina sandar awo. Ka kuma leƙa gidan filtar iska da bakin salansa. Zanzaro na son gina ɗakinsa a nan, ɓeraye kuma sun yi shekara 7 suna gwada haƙoransu a kan wayoyi.

Awon da bakanikenka zai bi: tazarar kwantak milimita 0.40, bakin fulogi 0.6, bawul ɗin shiga 0.10, na fita 0.25, injin na sanyi. Jerin wuta 1-3-4-2. Ka nace a auna ƙarfin matsi na kowace silinda da geji. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 15 cikin 100, a zuba mata cokalin mai a sake aunawa: in ta hau, zobe ne, in ba ta hau ba, bawul ne, in biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ne.

Ga abin da yaran gareji ke yawan mantawa. Silindar 504 ba a jikin bulok take ba, kwanso ne da ake zurawa, wanda kanikawa ke kira silif, ruwa na kewaye da shi. In an ɗaga tof silinda, wato kan injin, dole a danne kwansunan da noti da babban wosha kafin a juya injin. In aka juya haka nan, kwanso zai ɗaga, abin da ya toshe gindinsa ya saki, ka haɗa injin tsaf da sabon gasket amma ruwa na zuba cikin mai.

Birki da taya da ruwa, karanta amsoshin da ke ƙasa, duk sun shafe ka.

TAMBAYA: Hilux gare ni tsohuwa mai injin gas 3L. Da na wuce Kware da lodi sai allurar zafi ta hau. Bakanike ya cire tamostat, ya ce na ƙasar sanyi ne, amma ba ta daina ba.
Direba daga Mabera

AMSA: Ɗan'uwa, a mayar da tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in injin ya ɗau zafi. Ba don sanyin Turai kawai aka sa shi ba. A injuna da yawa, in ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya, ya tilasta wa ruwa bi ta lagireto. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa zagaye cikin injin bai je ya huce ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ya buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Mun fi zargin lagireto. Leƙa cikin butar mai shayi ka ga farin dutsen da ruwan rijiya ke bari, irinsa ne ya toshe bututun naka. Wanki da tiyo ba ya fitar da shi, sai an buɗe kan lagireton an zura wa kowane bututu tsinke, ko a sa sabo. Daga nan tataccen ruwa mara gishiri, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba, za ka riƙa zubawa, haɗe da kulan, ruwan sanyaya injin, aƙalla kashi 1 cikin 3. Murfin ma a canza shi: mai riƙe matsin da ya kai bar 0.9 yana hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120, wanda robarsa ta mutu kuwa a 100 zai fara amai. A watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wannan tazarar ita ce ke kai ka Illela. Fanka kuma, in ka kashe injin yana da zafi ka tura ta da hannu ta yi ta juyawa sakaka, kulocinta ya mutu. In an jefar da kwandon da ke kewaye da ita, a nemo a mayar.

Amma tun da ta sha yin zafi, da sassafe ka buɗe murfin, injin na sanyi, ka tayar. In kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko tiyon sama ya ƙame kamar itace cikin minti 1, gasket ya ƙone ko tof silinda ya tsage, wanda sananniyar cuta ce ga wannan jinsin injin in ya sha zafi. Gasket ɗinsa kauri-kauri ne, ana zaɓa ne bisa yadda fistin ya ɗago saman bulok, kada a ɗauko kowane a sa. Tun da an buɗe, a canza bel ɗin tayimin. Ƙa'idarsa kilomita 100,000, in ya tsinke kuwa fistin zai yi karo da bawul.

TAMBAYA: Mun tashi motar gidanmu bayan shekara 4, amma birki sai an taka sau uku yake kamawa. An yi bilidin, wato korar iska daga layin birki, har sau biyu.
Wata baiwar Allah daga Runjin Sambo

AMSA: Hajiya, kada motar nan ta sake fita titi sai an gama wannan. Mai yiwuwa ba iska ba ce. In takalman birkin baya sun yi nisa da dirom, takun farko da na biyu duk a cike gibin suke ƙarewa. A fara saita su, sannan a yi bilidin, daga tayar da ta fi nisa da masta, famfon da feda ke dannawa, zuwa mafi kusa. A tanadi lita 1 na DOT 3 ko DOT 4, a kori tsohon duka, don man birki yana shan danshi ya tsatsar da silindar birki daga ciki. A sa guntun katako ƙarƙashin feda lokacin bilidin. In aka danna ta har ƙasa, robar masta za ta bi ta kan tsatsar da ba ta saba kaiwa ba ta yage.

Ki sa direba ya taka ya riƙe. In feda na nutsewa sannu a hankali alhali ba ɗigo ko'ina, masta ce. A ɗaga robar bakin kowace silindar baya, in da laima a canza. Takalmin da man aksul ya jiƙa ba ya wankuwa da fetur, sai sabo, tare da sil ɗin da ya yi yoyon. Tiyoyin roba ma a canza su ko da sun yi kyau a ido, sukan kumbura ta ciki su riƙe birki. Masu zuba ruwan omo ko man giya a tulun birki kuwa, Allah ya shirye su. Na farko tafasa yake yi a gangara, na biyu yana kumbura duk wata roba da ya taɓa.

TAMBAYA: In na ƙara ganyen sifirin 3 kowane gefe, buhu nawa zan ƙara?
Mai karatu daga Achida

AMSA: Ko ɗaya, Alhaji. Irin waɗannan motoci kimanin tan 1 aka yi su ɗauka, wato buhun siminti 20. Ƙarin ganye yana hana gindinta zama ne kawai, bai ƙara wa aksul da boris da birki komai ba, kuma dukan da sifirin ya daina shanyewa shasi zai koma. Akwai kuma wani bawul kusa da aksul da ke auna yadda baya ya sauka don ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In sifirin ya ƙame, zai ɗauka motar ba kaya alhali ta cika. In naka sun kwanta ne, ka canza gefe biyun tare, da robobinsu da kusar tsakiya, ka sake ɗaure yubol, kusoshin da ke riƙe sifirin da aksul, bayan lodin farko.

Kuɗin ka kai su kan taya. Nemi mai harafin C. Misali 195R14C mai lamba 106 tana ɗaukar kilo 950, ta ƙaramar mota mai lamba 91 kuwa kilo 615 ce iyakarta. Lambobi 4 na ƙarshen layin DOT su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta yi shekaru a tsaye cikin rana, ko zanenta bai goge ba ta mutu. Auna iska da safe, kuma kada ka sace ta don ka ga ta hau da rana.

TAMBAYA: An gama gyara, har na sa wani injin ɗan Kwatano. Mi ya rage kafin in hau hanya?
Mai karatu daga Bodinga

AMSA: Ka adana rasiɗin injin, ka je ofishin lasin a gyara lambarsa a takardu, haka ma launi in ka canza. Ka sabunta lasin mota da inshora da takardar lafiyar mota ta VIO, jami'an duba motoci. Za a duba fitilu da sigina da hon da waifa da birki da hayaƙi, 'yan FRSC kuma za su tambayi abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku da safaya da jak. Fitar farko ka yi ta da safe ba kaya, kilomita 10 zuwa 15. Ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, ko birki na riƙewa ko boris ya matse. Ka sake bin notocin taya da sifana, ka kwana da ita a kan kwali mai tsabta, da safe ka duba abin da ya ɗiga da kuma daga inda ya ɗigo.