Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Iska Ce Ke Tura Ruwan Teku?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Yayana yana aikin kifi a Nuwadibu ta ƙasar Muritaniya, ya ce min garin ga shi a bakin hamada amma ruwan tekun sanyi ƙarara, wai masunta sun ce iska ce ke kawo sanyin da kifin gaba ɗaya. Ni dai abin bai shige ni ba, ya za a yi iska ta motsa abu mai nauyi kamar teku? Daga ƙanwarku a Damagaram.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Masuntan nan fa gaskiya suka faɗa wa yayanki, kuma kin taɓo inda nake so wallahi.

Ki zuba koko mai zafi a kwano ki hura, za ki ga saman ya gudu gaba, to haka iska ke yi wa teku, sai dai ita ba ta gajiya, wata sai ta yi wata da watanni tana kaɗawa ta fuska ɗaya. Ba dukkan tekun take ɗauka ba, fatar saman kawai take gogawa, ita kuma fatar ta ja ruwan da ke ƙarƙashinta, wannan ya ja na ƙasansa, kamar ki jera tabarmi goma ki ja ta sama, ta biyu za ta ɗan biyo, ta uku ta ɗan motsa, ta ƙasa ko gezau. A teku abin yakan mutu ne kafin ko wajen zurfin mita 100, kuma gudun ruwan bai fi kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na gudun iskar ba. Kar ki haɗa shi da raƙuman ruwa da ake gani suna tashi suna faɗuwa, su ruwan kusan a wurinsa yake rawa, ba tafiya yake ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ruwan ba ya bin iskar kai tsaye. Wani ɗan ƙasar Norwe, Fridtjof Nansen, da gangan ya bari jirginsa mai suna Fram ya maƙale cikin ƙanƙarar tekun arewa a tafiyar da ya yi tsakanin 1893 da 1896, sai ya lura ƙanƙarar ba ta bin iska sak, kullum sai ta karkace dama da digiri 20 zuwa 40. Wani matashi ɗan Suwidin, Vagn Walfrid Ekman, shi ya zauna ya yi lissafin, ya fitar da cikakken bayani a 1905, shi ya sa har yau da sunansa ake kiran abin.

Dalili shi ne duniya juyawa take yi. Ki sa wani ya riƙa juya miki faifai ke kuma ki ja layi a kai da gawayi, hannunki a miƙe ya tafi amma layin zai fito a lanƙwashe. A rabin duniya na arewa duk abin da ya yi doguwar tafiya dama yake karkacewa, a na kudu hagu. A lissafin Ekman fatar sama tana kaucewa da digiri 45, ta ƙasanta ta ƙara kaucewa kuma ta rage gudu, ta ƙasa ta ƙara, haka abin ke murɗewa yana sauka kamar matakalar hasumiya, in aka tattara duka sai ki ga ruwan a jimlace ya yi kwana digiri 90, wato iska ta nufi kudu shi ya nufi yamma. Ni kaina ranar da na fara karanta wannan sai da na miƙe tsaye ina gwadawa da hannu kamar ɗan sandan hanya.

To koma garin yayanki. A gaɓar Muritaniya iska daga arewa take zuwa tana bin gaɓa ta yi kudu, 'yar gidan su iskar hunturun nan ce da ke busar mana da leɓe. Ki fuskanci kudu, damanki yamma ne, wato tsakiyar teku. Kin ga kenan ruwan sama mai ɗumi ana ta kore shi daga gaɓa, kuma teku ba ta barin rami, dole ruwan ƙasa daga zurfin mita 100 zuwa 200 ya taso ya cike gurbin. Shi wannan rana ba ta taɓa shi, ga sanyi, ga shi ɗauke da taki na duk abin da ya mutu ya nutse ya ruɓe, da ya haɗu da hasken rana sai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani su yi ta tsira, ƙananan kifi su zo ci, manya su biyo su, jiragen kamun kifi su biyo manyan. Cikin kifin ƙanƙara da ke shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma akwai na can.

Namibiya da Peru ma haka ne, sai dai su suna kudu, iskarsu arewa take nufa, ruwan ya yi hagu, hagun kuma tsakiyar teku ne. A Peru shekarar da iskar ta yi sanyin jiki, lokacin da ake kira El Nino, ruwan ɗumi ya danne gaɓa kifi ya yi ƙaranci, a 1972 sana'ar kamun ƙananan kifinsu sai da ta durƙushe, duk da dai yawan kamu da suka yi ya taimaka.

Ki ce wa yayanki ya lura, in aka jera kwanaki iskar arewa na kaɗawa da ƙarfi ya sa ƙafa a ruwan, sannan ya sake sawa bayan ta lafa kwana biyu uku, ya rubuto mana abin da ya ji.