Bita kafin a kai risala wa mushrif

Ɗan'uwa, ka ce ka gama rubuta risalarka ta majistir, wato kundin bincikenka na digiri na biyu, a Jami'ar Musulunci ta Madina, kana tambaya ko ka miƙa wa mushrif, malamin da ke kula da bincikenka, yanzu. Kada ka miƙa tukuna. Ajiye ta kwana biyu ko uku, don idon da ya rubuta abu ba ya ganin kuskurensa da wuri.

Bita ta farko ta ginin magana ce: shin kowane babi ya amsa abin da ka yi alkawari a muƙaddima? Inda ka maimaita, yanke, ko da ka sha wahala wajen rubuta shi.

Sai ta biyu, ta harafi da nahawun Larabci, kuma a nan mu Hausawa muke yawan tuntuɓe. Duba hamza, ta marbuɗa, da lambobi daga 3 zuwa 10, waɗanda ke saɓa wa abin ƙirgawa a jinsi. Buga a takarda ka karanta da ƙarfi. Kunne na kama abin da ido ya tsallake.

Ayoyi kuwa, kada ka dogara da haddarka, komai ƙarfinta. Gwada kowace da Mushafin Madina, har lambar aya. Hadisai ma ka koma littattafan asali ka tabbatar da lafazinsu.