Filin Tambaya da Amsa: Dokin g5 da Tarkon Soyayyar Hanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna buga ces, wato darar Turawa, da yamma a Unguwar Rogo, Jos. Duk ranar da na riƙe baƙi, abokin wasana yakan buɗe da 1.e4 e5 2.doki f3 doki c6 3.bishof c4, ni kuma in fito da doki f6, sai ya cillo dokinsa g5. Kafin tafiya goma sarkina ya tsinci kansa a tsakiyar allo. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Fito da doki f6 ba laifi ba ne. Tsohon tsari ne da ake kira kariyar dawaki biyu, tun ƙarshen ƙarni na 16 Polerio ɗan Italiya ya yi nazarinsa. Abin da Fari, wato mai riƙe da fararen kaya, yake hari shi ne gidan f7 (kowane gida a allo ana kiransa da harafi da lamba), wanda sarki kaɗai ke tsaronsa, ga doki da bishof sun haɗu a kansa. Amsar ita ce 4...d5, ka toshe wa bishof hanya. Fari zai ci da sojan e4, kuma a nan ne galibi ake faɗawa rami.

Hannu yakan yi saurin rama ci da dokin f6. Kada ka yi. Fari zai sadaukar da dokinsa a f7, sarkinka ya ci, sarauniya ta zo f3 da cek, wato hari a kan sarki, tana kuma duban dokin d5. Don ka tsare dokin dole sarki ya hau e6, inda bishof ya ɗaure dokin a gabansa, sai ɗayan dokin Fari ya fito c3 ya zama na uku a kan d5. Wannan tarko shi ake wa laƙabi da soyayyar hanta, kuma wanda aka soya ya san dalilin sunan.

Abin yi shi ne 5...doki a5, ka kori bishof ɗin da duk harin ya dogara a kansa. Sai 6.bishof b5 cek, c6, 7.dxc6 bxc6, wato sojan Fari ya ci c6, sojanka na b7 ya rama. Ka ci da soja, don shi ma yana sake korar bishof. Idan ya koma e2, ka buga h6, doki ya ja baya f3, ka tura e4, ya tsallaka e5, ka fito da bishof d6. Ka ƙirga: doki ɗaya ya yi tafiya 4 cikin 10, sauran kayan Fari na ɓangaren sarauniya ko motsi ba su yi ba. Soja guda ka bayar, ka sayi lokaci da buɗaɗɗun hanyoyi.

Amma lokaci kaya ne mai narkewa. Ka ɓoye sarki da wuri, wato tafiyar da sarki da ruk ke yi tare zuwa gefe, ka ɗora sarauniya a c7 bayan bishof su dubi h2, ka kawo ruk tsakiya. Guji musayar sarauniyoyi, domin in allo ya yi fili sojan da Fari ya fi ka da shi zai yi magana, ga naka na a7 da c6 kowanne shi kaɗai ba mai tallafi. Dokin a5 ma yana gefe. Ka tura c5 ka mayar da shi c6.

Masu sabon hannu kan janye bishof zuwa a4 a tafiya ta 8. Ka bi da h6 da e4, in dokin ya sauka e5 ka sa sarauniya d4, ta kai wa doki da bishof hari lokaci guda. Wasu kuma, bayan bishof e2 da h6, sukan kai dokin h3 maimakon f3, dabarar Steinitz da Bobby Fischer ya farfaɗo da ita a 1963. Kada ka yi gaggawar cin sa da bishof, ci gaba da fito da kaya.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Kubwa, Abuja, ba na son bayar da soja tun farkon wasa. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. A tafiya ta 3 ki buga bishof c5 maimakon doki f6. Hanyar sarauniyarki zuwa g5 a buɗe take, dokin da ya zo nan cin banza ne. Ki jinkirta doki f6 har sai Fari ya buga c3 ko d3. In ya zo g5 daga baya, ki ɓoye sarki kawai, ruk ya tsare f7.