Tambayoyinku Kan Fasaha: Me Haruffan C da D Ke Nufi a Kwamfuta, Ina Kuma A da B?

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato haruffan nan da mutum ke gani idan ya buɗe This PC a kwamfutar Windows. Shi ya sa na haɗa su wuri guda, domin amsar wata tana haska wata.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne, ina zaune a Dorayi. Tun da na sayi laftof ɗina harafin C kawai nake gani, sai D. Ban taɓa ganin A ko B ba. Cire su aka yi kafin a sayar min?

AMSA: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba a cire maka komai ba. A da B na wani zamani ne da ya shuɗe.

Al'adar sa wa kowace ma'ajiya harafi ta yaɗu ne a ƙananan kwamfutoci ta hanyar wata manhaja mai suna CP/M, wadda wani Ba'amurke, Gary Kildall, ya rubuta a 1974. Da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta PC a 1981, manhajar DOS da Microsoft ya ba shi ta gaji wannan tsari. Waccan kwamfutar ba ta da rumbun ajiya a cikinta. Abin da ake amfani da shi faifan filofi ne, wani siririn abu mai kusurwa huɗu da ake zurawa a baki kamar yadda ake sa kaset a rediyo. Bakin farko sunansa A, na biyu B. Mutum zai sa faifan manhaja a A ya tayar da kwamfuta, ya sa na aikinsa a B. Ko mai baki ɗaya ma an ajiye masa harafin B, kwamfutar za ta riƙa cewa ya cire wannan faifai ya sa wancan idan yana kwafar fayil.

A 1983 IBM ya fitar da samfurin XT mai rumbun ajiya a ciki, girmansa megabait 10 kacal, abin da hotuna uku ko huɗu na wayar yau za su cika. Tunda A da B suna da masu su, sai sabon baƙo ya ɗauki C. Filofi ya ci gaba da zamaninsa har cikin shekarun 2000. Waɗanda suka yi aiki a shagunan buga takardu a Kano wancan lokacin za su tuna ƙaramin nan mai ɗaukar megabait 1.44, wanda ƙura ko zafi kaɗan ke lalatawa. Daga baya filashi ta kore shi, amma C ya zauna daram, saboda manhajoji masu ɗimbin yawa an rubuta su ne bisa cewa a C za su tarar da Windows. Har yau Windows tana tsallake A da B idan tana raba haruffa, kodayake mutum na iya sa wa filashinsa ɗaya daga cikinsu da hannu idan ya ga dama.

TAMBAYA: Ina da shagon ɗinki a Gyaɗi-Gyaɗi. Hotunan ɗinkuna da lissafin kwastomomi duk a laftof nake ajiye su. Mai gyara ya ce in riƙa sa komai a D, wai ko me ya sami kwamfutar kayana ba za su ɓata ba. Haka ne?

AMSA: Hajiya, rabin maganarsa gaskiya ce, amma ɗaya rabin shi ne ya sa mutane da yawa asara, don haka zan ɗan tsaya a nan.

Harafi suna ne kawai da Windows ke sa wa ƙofa. Ba ya nuna cewa akwai na'ura daban a bayan kowace ƙofa. A yawancin laftof da ke hannun jama'a rumbu ɗaya ne tak a ciki, aka raba shi gida biyu, aka kira ɗaya C ɗaya D. Kamar shago ne guda a kasuwa da aka tsaga da katako, kowane ɓangare da ƙofarsa da kwaɗonsa. Idan aka zo sharar ɓangare ɗaya aka kwashe komai, na maƙwabci yana nan lafiya. Nan ne gaskiyar mai gyaran: idan Windows ta rikice aka yi wa C fomatin, wato aka goge duk abin da ke cikinsa, aka sa sabuwa, kayan D ba sa taɓuwa, muddin mai aikin bai yi kuskure ba. Amma idan rufin shagon ne ya rufta, katako ba ya ceton kowa. Rumbun ya mutu saboda faɗuwa, ko ruwa, ko tsufa, ko kuma ɓarawo ya ɗauke laftof ɗin gaba ɗaya, C da D tare za su tafi.

Na taɓa ganin wata baiwar Allah a shagon wani mai gyara, laftof ɗinta ya faɗi daga kan tebur, rumbun yana ta ƙaras-ƙaras. Sai maimaitawa take yi cewa ai ita a D ta sa hotunan bikin 'yarta. Ban san yadda zan fara yi mata bayani ba a wannan halin, abin ya daɗe yana damuna.

Ga yadda za ki gane naki. Danna maɓallin Windows tare da X, ki zaɓi Disk Management. A ƙasan shafin za ki ga layuka, Disk 0, wataƙila da Disk 1. Idan C da D suna kan layi ɗaya, rumbu ɗaya ne aka raba. Idan kowanne yana layinsa, rumbu biyu ne da gaske, kamar yadda wasu kwamfutoci ke zuwa da ƙaramin rumbu mai sauri da ake kira SSD domin Windows da kuma babban rumbu domin ajiya. A wannan shafin za ki kuma ga wasu ƙananan ɓangarori marasa harafi, ɗaya an rubuta masa EFI, wani Recovery. Kada ki taɓa su. Da su kwamfutar ke tashi, da su take gyara kanta, shi ya sa aka ɓoye su.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Duk abin da kika ajiye a fuskar kwamfuta, wato Desktop, da Documents da Downloads da Pictures, a cikin C yake zaune, ƙarƙashin foldar Users. Ranar da aka yi wa C fomatin da su za a tafi. Saboda haka ki ci gaba da sa kayanki a D, shawara ce mai kyau, amma lissafin kwastomomi da hotunan da ba ki da kamarsu su kasance suna da kwafi na biyu a wajen laftof ɗin: rumbun waje da ake jonawa, ko filashi mai kyau, ko Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, wanda ke ba kowa gigabait 15 kyauta. Kuma kada rumbun wajen ya riƙa kwana a jaka ɗaya da laftof.

Ƙari ɗaya. Ki danna dama a kan D, wato da maɓallin dama na mouse, ki sa masa suna, misali KAYANA. Lokacin da ake sa sabuwar Windows, shafin zaɓen wurin ba ya nuna haruffa, lambobi yake nunawa, amma yana nuna sunan da aka sa. Wannan ɗan sunan yana iya hana mai gyara goge ɓangaren da bai kamata ba.

TAMBAYA: Filashina yau E, gobe F. Lalacewa ta fara yi? Daga wani mai shagon buga takardu a Titin Zoo.

AMSA: Lafiyarta ƙalau, Malam. Windows tana ba abin da aka jona harafin farko da ta samu babu kowa a kai. Idan wani kwastoma ya riga ya sa tasa filashin, ko akwai memori a ciki, taka sai ta matsa gaba. Idan kana son ta tsaya wuri ɗaya, shiga Disk Management, danna dama a kanta, zaɓi Change Drive Letter and Paths, ka ba ta harafi mai nisa kamar T ko W wanda ba a cika kaiwa gare shi ba. Wannan kwamfutar za ta riƙe, amma a wata kwamfutar za ta sami wani harafin daban, domin harafin a kwamfuta yake, ba a jikin filashin ba. Ka dai guji canza harafin ɓangaren da ka girka manhajoji a ciki, za su nemi hanyarsu su rasa. C kuwa Windows ma ba za ta bari ka canza shi ta nan ba.

TAMBAYA: Idan na jona wayata da kwamfuta sunanta kawai ke fitowa, babu harafi. Me ya sa?

AMSA: Wayoyin Android na yanzu ba sa miƙa wa kwamfuta ma'ajiyarsu kai tsaye. Suna amfani da wata hanya mai suna MTP, inda wayar ce da kanta ke miƙa fayil ɗin da aka nema. Shi ya sa babu harafi. Haruffan nan ma al'adar gidan Windows ce kawai. Android da Linux da kwamfutocin Apple ba sa amfani da su.

TAMBAYA: Na sayi laftof a Farm Centre aka ce gigabait 500 ne, amma C yana nuna 200 da wani abu. An cuce ni ne? Daga wani ɗan'uwa a Kurna.

AMSA: Kafin ka koma wurin mai shago, haɗa girman C da na D ka gani. Idan jimlar ta kai kusan 465, kayanka cikakke ne. Masu ƙera rumbu suna lissafi da dubu-dubu, Windows kuma da 1024, don haka rumbun gigabait 500 yakan nuna kusan 465, na terabait 1 kuma 931. Idan babu D ɗin kwata-kwata, duba Disk Management. Wani lokaci za ka tarar da wani fili mai baƙin layi a samansa an rubuta Unallocated, wato sarari ne da ba a yanka aka ba shi harafi ba. Danna dama a kai, zaɓi New Simple Volume, ka bi matakan, zai fito a matsayin D.

TAMBAYA: Na kai filashina wurin buga takarda, da na dawo duk foldodina sun koma masu ƙaramar kibiya, ba sa buɗewa. Aikin digirina na ciki. Daga wata ɗaliba a Rijiyar Zaki.

AMSA: Ƙanwata, kada ki yi mata fomatin. Aikin bairos ne, kuma yawanci ɓoye fayiloli yake yi, ya bar na bogi a madadinsu, kuma kada ki ƙara danna masu kibiyar, ta nan yake shiga kwamfuta. Fara da binciken filashin da manhajar tsaro, Windows Security da ke cikin kwamfutar ma ta isa. Sannan ki duba harafin da filashin ta samu a wannan lokacin, a ce F ne. Buɗe Command Prompt, wato shafin da ake rubuta wa Windows umarni, ki rubuta:

attrib -h -r -s /s /d F:\*.*

Ki danna Enter ki jira ya gama. Idan harafin naki E ne ko G, shi za ki sa a madadin F, ki tabbata kin duba da kyau kada ki sa C. Idan kin koma cikin filashin za ki ga foldodinki na asali, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Kwafe su zuwa kwamfuta, ki buɗe aikin ki tabbatar yana nan daidai, sannan ki yi wa filashin fomatin.