Amsoshin Tambayoyinku: In Buga Littafina Ko In Tafi Taron Marubuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce daga Kurna, na fi sakin labaraina a WhatsApp. Na tara naira 200,000, ina son halartar taron shekara na ƙungiyar marubuta ta Najeriya (ANA) a Abuja. Ƙawayena sun ce kunya ce in je hannu rabbana, in fara buga littafina. Kuɗin ba zai ɗauki duka biyun ba. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki je taron, ki bar littafin ya ƙara nuna.

Littafin da aka kai maɗaba'a a gurguje saboda ranar taro ta matso, a jikinsa ake ganewa. Ba a tace shi ba, "ƙasa" ta koma "kasa", an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, bango ya fi cikin kyau. Waɗanda za ki miƙa wa a can kuwa malaman jami'a ne da editoci da tsofaffin marubuta, shafi biyu za su karanta su yanke hukunci. Yana yi mini ciwo in ga labari mai kyau ya zubar da mutuncinsa a haka, domin abin da aka buga ba ya gogewa. Ga kuma lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, wadda ake nema daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ita ma tana son lokacinta.

Abin da za ki riƙa shi ne babi uku na farko, wanda wani masanin ƙa'idojin rubutun Hausa ya duba miki, a buga a farar takarda kamar kwafi biyar. Ki haɗa da shafi ɗaya mai taƙaita labarin, da sunanki da lambar wayarki. Kada ki ba kowa cikakken rubutun, komai daɗin bakinsa, sai da yarjejeniya a rubuce.

Sauran kuɗin: rajista, mota, masauki. Ki fara tuntuɓar reshen ANA na Kano, domin tafiya cikin ayari ta fi sauƙi da kwanciyar hankali, mutanen gida ma sun fi sakin jiki su bar ki. Tafiyar ta haura kilomita 400, ki shiga motar sassafe. Ki kuma tambayi takamaiman wurin taron kafin ki kama ɗaki. Idan a Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa ne, a Mpape yake, kuma masauki mai arha amma mai nisa zai cinye rarar a kuɗin tasi. Ki ware wani abu na sayen littattafan wasu, don ta nan hira take ƙulluwa.

Ki sani yawancin zaman da Ingilishi ake yi, tun da ƙungiyar ta ƙasa baki ɗaya ce, an kafa ta a 1981. Kada wannan ya sa ki noƙe. Ki shirya jimla uku da za ki bayyana littafinki da su a harsunan biyu.

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a Jami'ar Bayero. Zan je taron marubuta karo na farko. In ci bashi in sayi kwamfutar cinya?

Amsa: A'a ƙanena, kada ka ci bashi saboda taron kwana uku. Littafin rubutu da biro biyu sun ishe ka, wayarka kuma ta ɗauki hoto da murya, bayan ka nemi izinin mai magana. In har za ka sayi wani abu, ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre ka sayi fawa bank mai kyau, ka gwada shi a gaban mai shago kafin ka biya. A zauren taro soket kaɗan ne, masu jiransa da yawa.