Tambaya da Amsa: Na saka hoton Kawu Saje a Facebook, ko a jikinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zahin Sakkwato. Ni ɗanka ne daga Mabera. Ina da kawu, ƙanen innarmu, tsohon soja ne ya yi ritaya yana saje, yana cikin waɗanda anka kai Laberiya a 1990 da rundunar ECOMOG, wato sojojin kiyaye zaman lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma, can ma ya rasa jin kunnensa na hagu. Yanzu gadi yake yi a wani gidan mai. To ranar 15 ga Janairu na ga kowa na ta saka hoton soja a Facebook ana rubuta mun gode, ni ma na saka nashi da kaki, da dare na tai gaishe shi na nuna mai a waya, sai kawai ya yi murmushi ya ce "to madalla" ya ci gaba da jin rediyonsa. Wallahi sai na ji kunya. Mi ya kamata in yi ya san muna godiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da har abin ya dame ka. Amma ka yi wa Saje uzuri, mutumin da ya kwana a ramin daga harsashi na wucewa ta kansa, me laik ɗin Facebook zai yi masa?

Ita ranar tunawa da 'yan mazan jiya tana da tarihinta. A da 11 ga Nuwamba ake yi kamar su Ingila, sai aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda ranar ce a 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasa da aka fara a 1967. Ana fareti, manya su ajiye furanni, a saki fararen tantabaru, a sayar da ɗan tambarin nan da ake maƙalawa a ƙirji don taimaka wa tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu. Duk da kyau. Sai dai kafin la'asar an naɗe rumfuna kowa ya kama gabansa, shi kuma kawunka da magariba zai koma bencinsa na gadi.

Ga abin da zan ce ka yi. Ran da ba ya aiki ka sayi goro da tsire ka je bayan isha'i, ka zauna ta ɓangaren kunnensa na dama, ka kashe datar wayarka, ka ce Kawu wai yaya kuka je Laberiyar nan, a jirgin ruwa ne ko na sama? Shi ke nan, ka yi shiru. Wata ƙila ranar farko ba zai ce komai ba sai labarin abincinsu da ruwan sama na Monrobiya, babban birnin Laberiya, da ba ya ɗaukewa, kar ka matsa masa, kuma don Allah kar ka yi masa tambayar nan ta yara wai mutum nawa ka kashe. Muna yara akwai wani tsoho a unguwarmu da ya yi yaƙin Bama a yaƙin duniya na biyu, kullum ita muke masa muna dariya muna sara masa, shi kuwa sai ya tashi ya ɗauki buzunsa ya shige gida. Sai da na girma na gane abin da muke tono masa, lokacin ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

Sannan ka tambaye shi maganar fansho. Ku yaran yanzu kun iya waya da intanet, in lokacin tantancewa ya zo kai za ka haɗa masa takardu, ka yi masa fotokwafi, ka ɗauke shi a mashin ka tsaya masa a layi, domin mai kunne ɗaya ana iya kiran sunansa sau uku bai ji ba a ce bai zo ba. Ka kuma kai shi asibiti a duba kunnen ko na'urar ji za ta yi masa amfani, ku haɗa kuɗin a dangi.

Kuma mu daina cewa "tsohon soja" da muryar raini kamar ana nufin mai taɓin hankali. A garin nan fa muke, shi kansa Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar soja ne, birgediya janar, kafin ya hau gadon sarauta a 2006, kuma ya yi aikin ECOMOG a Saliyo. Ga kuma yaran barikin Giginya da ake turawa wajen Isa da Sabon Birni kan 'yan bindiga, su ne su Saje na gobe in Allah ya yi musu tsawon rai.

In ya saki jiki da kai, ka tambaye shi ko akwai abokinsa da bai dawo ba wanda iyalinsa ke nan kusa. Na tabbata akwai. In azumi ya zo ku auni gero da sukari ku kai wa matar tare, ka bar shi ya yi sallama, kai ka riƙe buhun.